Kamfani, ubangida, haya ko zaman kanka: wace hanya ta dace da mai kiɗan rok a Jos?

Wani ƙanena da muke haɗuwa wajen rihasal a Farin Gada ya tare ni makon jiya da takarda shafi goma sha ɗaya a hannu, wai wani kamfanin waƙa ne daga Legas ya turo masa bayan wani bidiyo da ya yi yana kaɗa jita ya ɗan zaga a TikTok. A gefe ɗaya kuma ga wani Alhaji a Abuja da ya ce masa ya rabu da maganar takarda, shi zai biya situdiyo ya saya masa sabuwar jita da sifika, komai bisa amana. Kwana uku yaron ba ya barcin kirki. Ya ce yaya ka zaɓa min ɗaya. Na ce masa zaɓi kam naka ne don kai za ka zauna da shi, amma zan rubuta abin da na sani tsaf, tunda na san ba shi kaɗai ba ne yake tsaye a wannan mararrabar daga nan Jos har Abuja.

Shekarata goma sha huɗu ina kaɗa jita a garin nan, rok muke yi da Hausa, ganga ta gaske da bes da jita biyu, wani lokaci mu sa kalangu a ciki. Kuma gara in faɗa tun yanzu, kasuwar irin kiɗanmu ƙarama ce a ƙasar nan, Kudu afrobit ne ya cinye, Arewa kuma nanaye da hip hop na Hausa. Duk lissafin da za ka yi ka fara da sanin wannan, saboda shawarar da ta dace da mai afrobit ba lallai ta dace da kai ba.

Abin da ake ciniki a kai

Waƙa ɗaya dukiya biyu ce, kuma rashin sanin haka shi ya kwantar da yawancinmu. Akwai baitin da karin da ka ƙirƙira da kanka, sannan akwai masta, wato ainihin sautin da aka naɗa a situdiyo wanda ake ɗorawa a YouTube da Audiomack. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a watan Maris 2023 tana kare baiti da kari tsawon ranka da ƙarin shekara 70 bayan mutuwarka, shi kuma masta shekara 50. Dokar ta kuma ce miƙa wa wani mallakar aikinka sai a rubuce. To ka ga takardar da ka sa wa hannu kana ɗan shekara 23 tana iya bin ka har ka ga jikoki.

Ni kamar gona nake kallon abin. Kana iya sayar da ita, kana iya ba da ita haya na wasu damuna, kana iya nomawa da hannunka, kana kuma iya noma a gonar wani kana zaton taka ce. Abubuwan da nake aunawa biyar ne. Kuɗi, nawa zai shiga aljihunka yau kuma nawa zai fita. Ɗorewa, bayan shekara goma wa ke riƙe da masta da sunanka. 'Yancin sauti, wa ke da maganar ƙarshe a kan yadda waƙa za ta fita. Sauƙi, aikin da zai hau kanka bayan kiɗan kansa. Sai haɗari, in abu ya ɓaci ta wace ƙofa za ka fita. A cikin biyar ɗin nan na biyu da na biyar sun fi min nauyi nesa ba kusa ba, kuɗin yau wata uku ne ya ƙare.

Sa hannu da kamfani

Ba zan ce kamfani sharri ne ba, mutanen Jos mun fi kowa sanin amfaninsa. M.I da Jesse Jagz da Ice Prince a garin nan suka taso, Chocolate City ce ta ɗauke su ta kai su inda duk ƙasa ta san su, kuma kamfanin nan ya ƙulla da Warner, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin waƙa na duniya, a 2019. Mavin ma, wani kamfanin waƙa na Legas, Universal da ke cikin manyan na duniya ta sayi kaso mafi tsoka a cikinta a 2024. Wato kamfanin gaske yana da hanyar da kai ba ka da ita, rediyo, bidiyo mai tsada, masu tura waƙa cikin jerin da Spotify ke haɗawa, lauya, da wanda zai ɗaga waya a ba ka fili a babban sho.

Ta fuskar kuɗin yau babu wanda ya kai shi. Za su ba ka kafin alƙalami, su biya situdiyo da bidiyo, wani lokaci har gidan haya. Amma ƙanena ka saurara da kyau a nan, wannan kuɗin ba kyauta ba ne, bashi ne da za a cire, kuma daga kasonka kaɗai ake cirewa ba daga duka cinikin ba. A ce misali sun kashe maka naira miliyan 10, kasonka a takarda kashi 20 cikin ɗari. Kai a zatonka da waƙa ta kawo miliyan 10 an biya bashi, ina, sai ta kawo miliyan 50 kafin kashi 20 ɗinka ya cika miliyan 10 ɗin, a lokacin su sun riga sun ɗauki 40 nasu sun haɗa da 10 ɗin da suka kashe, kai kuma ko sisi ba ka gani ba tun kafin alƙalamin nan. Kuma bayan an gama biyan bashin, a yawancin takardu masta nasu ne har yanzu. Yanzu zauna ka lissafa da gaskiya ko waƙar rok da Hausa za ta kawo miliyan 50 a shekara biyu.

Sannan akwai kwantiragin 360 wanda shi ne ake yayi, za su ci a kuɗin sho, su ci a talla, su ci a rigar da ka buga ka sayar. Ga mai rok wannan shi ne wuƙa a maƙoshi, don mu a dandali muke samun na abinci ba a intanet ba.

'Yancin sauti kuwa, wanda ya zuba miliyoyi zai so abin da ya san yana sayuwa. Za a ce solon jitar nan ya yi tsawo a yanke, a cire mai ganga a sa na kwamfuta, a ɗan zuba amapiyano, a rage Hausar a ƙara Turanci. Ba mugunta ba ce, kasuwanci suke yi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma abin da zai fita ƙarshe wataƙila ba shi ne abin da ya sa mutane suka tsaya a bidiyonka ba. Akwai kuma maganar abokan kiɗanka, sau da yawa mai bakin waƙa kaɗai kamfani ke so, mai bes da mai gangar da kuka sha wahala tare shekara biyar sai su koma 'yan ƙwadago.

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro bai ma kai ga cuta ba, shi ne a ajiye ka. Ka saki waƙa biyu ba su tashi ba, kamfani ya juya ga wani yaro, kai kuma takarda ta ɗaure ka ba ka da ikon sakin komai a wani wuri har sai ka cika kundin waƙoƙi uku da ba su da niyyar biya. Suna ma ana iya riƙe maka. Kiss Daniel da ya bar G-Worldwide a 2017 sai da magana ta je kotu, a 2018 ya koma Kizz Daniel. A Amurka mawaƙi Prince da duk girmansa ya sauya sunansa zuwa wata alama a 1993 saboda rigimarsa da Warner, yana fitowa da kalmar bawa a rubuce a kumatunsa, kuma sai 2014 ya karɓo mastocinsa. Shekara 21 kenan, ga mutumin da yake da kuɗin ɗaukar kowane irin lauya.

Ubangida

Wannan ita ce hanyar da muka gada, shi ya sa take shiga rai da sauri. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, makaɗan fada duk haka suka rayu, ubangida ya ba ka riga da doki da hatsi kai kuma ka wasa shi. Sai dai akwai bambanci ɗaya da ba mu cika lura da shi ba, a wancan zamanin waƙar tana cikin bakin mawaƙi, duk inda ya tafi da abarsa yake tafiya. Yau waƙa fayil ce, tana cikin kwamfutar situdiyon da wani ya biya, kuma tana kan tashar YouTube ɗin da aka buɗe da imel ɗin wani.

Ni wannan ta taɓa cin ni shi ya sa nake magana da zafi. Wani bawan Allah ya ɗauki nauyin waƙoƙinmu shida, mutumin kirki ne a lokacin kuma har yau ban ce ya shigo da niyyar cuta ba. Yaronsa ya ɗora su a tashar kamfaninsa na bidiyo. Bayan shekara biyu muka samu saɓani a kan wani taro da ya so mu yi wasa mu kuma muka ga bai dace da mu ba, shi kenan, waƙoƙin suna can har yanzu ana kallo, ba mu da lambar sirrin tashar, ba mu da fayilolin asali, ba mu da ko layi ɗaya a rubuce. Da na je wajen lauya tambayarsa ta farko ita ce wa ya biya situdiyo, ta biyu ina takarda. Na dawo gida jikina a sanyaye, biyu daga cikin waƙoƙin nan don mahaifiyata na rubuta su.

Ta fuskar sauƙi babu kamarta, waya ɗaya kuɗi ya shigo, babu shafi goma sha ɗaya. Ta fuskar sauti ma da farko ba ruwansa, sai ranar da ya ce a sa sunansa a amshi, ko a yi wa ɗan takararsa waƙa. A gari irin Jos da masu zuwa kallonmu suka haɗa kowane ɓangare, Musulmi da Kirista, 'yan Rayfield da 'yan Unguwar Rogo, ranar da aka lasafta ka a gidan siyasa ɗaya ka yi asarar wasu da ba za su dawo ba. Ɗorewa kuwa babu, ranar da ya faɗi zaɓe ko kasuwa ta juya masa ko ya rasu magada suka shigo, kai ba ka cikin lissafi.

Ana iya gyara ta fa. In mutumin da gaske taimako yake so, ka roƙe shi cikin ladabi a rubuta shafi ɗaya: kuɗin nan kyauta ne ko bashi ne ko jari, in jari ne kashi nawa kuma na shekara nawa, masta na wa, tasha ta wa. Ka ce ranka ya daɗe saboda halin rai ne. Mai niyyar alheri ba zai ƙi ba. Wanda ransa ya ɓaci don ka ambaci takarda ya riga ya ba ka amsa.

Zaman kanka

A nan nake yanzu, shekara shida kenan, kuma ba zan yi maka ado da ita ba. Kai ne mai biyan situdiyo, mai haɗa sauti, mai hoton bango, data, man janareta ranar rihasal, kuɗin motar ɗaukar ganguna zuwa Abuja. Rok ya fi sauran tsada wajen naɗi don ganga ta gaske tana buƙatar ɗaki mai kyau da makirfo da yawa, ba kamar mai bit da zai gama komai a laftof ba. Abin da ya taimake mu a Jos shi ne akwai makaɗa ƙwararru birjik, da yawa a coci suka koya tun suna yara, kuma situdiyo bai kai tsadar Legas ko Abuja ba.

Ɗora waƙa a Spotify da Apple Music da Boomplay sai ta hannun dillalin intanet. DistroKid dala ashirin da 'yan kai ne a shekara ka ɗora iya son ranka kuma ba sa cin kaso, amma in ka daina biya suna sauke waƙoƙin sai dai in ka biya wani ƙarin kuɗi na a bar su. CD Baby kuwa sau ɗaya kake biya a kan kowane saki, wajen dala 10 ga waƙa ɗaya, su riƙa cire kashi 9, waƙar kuma ta zauna. Ga wanda yake sakin waƙa biyu ko uku a shekara kamar yawancin masu rok, ni na biyun ya fi kwanta min, don shekarar da aljihu ya bushe aikinka ba zai ɓace ba. Audiomack kai tsaye kake ɗorawa kyauta kuma a nan mutanenmu suka fi saurare. Sai ka tanadi katin dala da asusun karɓar dala, katin naira ba kullum yake wucewa ba.

Kar ka sa rai da kuɗin saurare da wuri. Spotify ta shigo Najeriya a 2021, ta kuma ce mawaƙan ƙasar nan sun samu sama da naira biliyan 58 a wajenta a 2024, amma wannan kuɗin manyan afrobit ne da ake ji a Ingila da Amurka suka kwashe mafi yawa. Tun 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a wata goma sha biyu ba ba a biyan ta komai a can. YouTube sai ka haɗa mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara kafin ka fara cin kuɗin talla, kashi 55 naka. Sauraren ɗan Najeriya kuma bai kai na ɗan Turai kuɗi ba ko kusa. Wata aya kuma, kar ka kuskura ka ba masu cewa za su sayo maka saurare dubu hamsin kuɗinka, na'ura ce suke sawa, in aka gano sauke waƙar ake yi wani lokaci har a rufe asusun.

To me ya sa nake nan duk da haka? Saboda abin da na naɗa nawa ne, in na ga dama solo ya yi minti biyu, in sa kalangu ya yi zance da bes, in yi waƙa a kan 'yan haƙar kuza ko mai sayar da dankali a Farin Gada ba wanda zai ce ba za ta sayu ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ɗan Maraya da kuntigi ɗaya ya zaga duniya daga garin nan yana yi wa karen mota da talaka waƙa, har ya rasu a 2015 ba wanda ya kwaikwayi muryar nan ya kai. A Amurka akwai ƙungiyar rok ta Fugazi, 'yan Washington, da suka ƙi manyan kamfanoni gaba ɗaya, suna fitar da kayansu a ƙaramin kamfaninsu Dischord da aka kafa a 1980, suna tsayar da tikiti a dala 5 don yara su iya shiga. Sun nuna ana iya rayuwa da jama'a kaɗan masu riƙe ka da gaske.

Amma haɗarinta ma na gaske ne. Na farko gajiya, ka wuni kana amsa saƙo da gyaran bidiyo da bin bashin mai taro, jitar tana jingine sati guda ba ka taɓa ta ba, na ga masu baiwar da suka fi ni sun bari saboda wannan kawai. Na biyu rigimar cikin gida. Ku huɗu ne, wa ya kawo kari, wa ya rubuta baiti, imel ɗin wa aka buɗe tasha da shi? Ku rubuta rabon kaso a ranar da kuka gama kowace waƙa tun ana dariya, ku yi rajistar sunan ƙungiya a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, in hali ya yi ku yi rajistarsa a matsayin tambarin kasuwanci, ku shiga MCSN, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu, saboda kuɗin rediyo da wuraren taro. Ku kuma karɓi fayilolin asali daga situdiyo ku ajiye a wuri biyu.

Ba da haya na ɗan lokaci

Wannan ita ce mutane ba su cika sani ba kuma ita nake fata ƙanena ya nema. Kai ka naɗa kayanka da kuɗinka, masta naka ne, sai ka ba wani kamfani lasisin sayarwa da tallatawa na shekara uku ko biyar ko bakwai, su ci kasonsu, lokaci ya cika gona ta dawo hannunka. In rarrabawa ce kawai da ɗan talla yawanci kashi 15 zuwa 30 suke ɗauka, in sun zuba kuɗi sosai ana kaiwa raba daidai. Kafin alƙalamin bai kai na cikakken kwantiragi ba, wani lokaci ma babu.

Radiohead, ƙungiyar rok ta Ingila, da suka gama da kamfanin EMI sun saki kundinsu na 2007 a shafinsu kowa ya biya abin da ya ga dama, mutane suna yawan kawo wannan misalin, abin da ba a cika faɗa ba shi ne faifan da aka kai shaguna lasisi suka ba wani kamfani mai suna XL, mallaka tana hannunsu. Kuma sun yi haka ne bayan kundi shida da miliyoyin masoya. Misalin da ya fi kusa da mu Mdou Moctar ne na Nijar, Buzu mai kaɗa jita da hagu. Kundinsa na farko a Sakkwato aka naɗa shi a 2008, waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da memori, a haka wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Sahel Sounds ya ji shi ya neme shi, ya yi shekaru yana zaga duniya da wasa kafin kamfanin Matador ya fitar da kundinsa a 2021. Dubi jerin yadda abin ya tafi, jama'a tukuna, sai ƙaramin kamfani, sai babba, kuma har ya kai can da Tamashek yake waƙa jitarsa ba ta canza ba.

Wahalar wannan hanyar ita ce ba a ba wanda bai da komai a hannu. Sai kana da kayan da aka gama da kuma shaidar cewa akwai masu ji. Haɗarinta kuma yana ɓoye a ƙananan layuka: sabunta kai tsaye in ba ka rubuto ba kafin wata kaza, ko cewa lokacin ba zai fara ƙirguwa ba sai an gama cire abin da suka kashe, wanda hakan ke mayar da haya ta zama jinginar da ba ta fansuwa.

| Hanya | Kuɗin yau | Masta bayan shekara 10 | Sauti | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kamfani | Mai yawa, amma bashi ne | Yawanci nasu | Su ke yanke hukunci | Suna ɗauke maka aiki | A ajiye ka kana ɗaure |
| Ubangida | Gwargwadon ransa | Ba a sani ba | Naka, sai ranar da ya nemi nasa | Mafi sauƙi | Babu takarda |
| Zaman kanka | Kai ke kashewa | Naka | Naka | Mafi wahala | Gajiya da rigimar kaso |
| Haya | Kaɗan ko babu | Ya dawo maka | Naka, da ɗan shawara | Tsaka-tsaki | Ƙananan layuka |

Wa ya dace da wacce

In kana da aikin yi ko sana'a, ko kana samun na kashewa a kiɗan biki da coci da otal, kuma rok ɗin shi ne abin da ke ranka, zauna da kanka shekara biyu ko uku. Naɗa waƙa huɗu masu kyau maimakon goma sha biyu na gaggawa, yi wasa duk inda aka ba ka fili a Jos da Abuja da Kaduna, tara lambobin wayar masu zuwa. In ka kai inda mutum ɗari biyu za su sayi tikiti don kai kaɗai, lokacin neman haya ya yi, kuma ka fi karkata ga ƙananan kamfanonin waje masu son kiɗan jitar Sahel, su Hausar da kalangun ne ma abin da suke nema.

In kai mawaƙi ne kai ɗaya, ba ka damu a juya sautinka zuwa abin da kasuwa ke so ba, burinka suna da babban dandali tun kana matashi, kamfani ya dace da kai kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai ka biya lauyan da ya san harkar nishaɗi, naka na kanka ba wanda su suka kawo ba, ka nemi a rage zuwa kundi ɗaya ko shekara biyu, a sa ranar da masta zai dawo, a cire sunanka da kuɗin sho daga ciki, a kuma rubuta cewa in ba su saki aikinka cikin wata kaza ba ka kuɓuta.

In ba ka da ko kuɗin igiyar jita kuma ubangida ne kaɗai ƙofar da ta buɗe, karɓi kayan aiki a hannunsa maimakon ya biya naɗi. Jita da sifika in an rabu ka mayar masa abinsa an wuce wurin, masta kuwa ba ya mayuwa. In dole sai ya biya situdiyo, to shafi ɗayan nan, da tasha a kan imel ɗinka.

Shi ƙanena mun zauna mun karanta takardarsa layi layi a ranar Lahadi. Shafi na bakwai ya ce masta nasu ne har abada a duk duniya, na tara ya ba su kaso a kowane wasa da zai yi har da bikin aure a Bukuru, kuma babu inda aka ambaci mai gangarsa da mai bes. Ya tura musu amsa ta hannun lauya yana neman a mayar da ita lasisin shekara uku a kan waƙa biyar, ya kuma kira Alhaji ya yi godiya ya ce jitar da sifikar kawai yake so a matsayin aro. Alhaji ya yarda, kamfanin har yau ba su amsa ba, su kuma sun kama situdiyo na kwana biyu a ƙarshen wata da kuɗin da suka haɗa su huɗu.